Sunaye Goma Sha Bakwai

Talata, bayan sallar Asuba

Wanga littafi na taron matan jam'iyya ne. Shafi huɗu kawai muka cika, sauran fari fat. A nan zan zuba abin da ba na iya faɗa wa kowa, don in na ci gaba da riƙe shi a ciki zai kai ni ƙasa.

Jiya muryar Fiddausi ta shiga wayoyin mutane. Minti shida. Har mai kayan miya na bakin titin Gidan Dahala na ji yana kunna wa abokinsa. Ta faɗi sunanta da na ubanta, ta faɗi abin da ake yi a gidan baƙin Gidauniya ranakun Asabar, ta kira manya uku da sunayensu. Na farko shi ne Maigida. Ko a nan ba zan rubuta sunansa ba. Shekara tara ina shugabar matan mazaɓarmu a ƙarƙashinsa, ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba.

Ban saurara har ƙarshe ba. Wajen minti na huɗu ta ce, "Hajiya Iyatu ce ta rubuta sunana." Sai na kashe wayar.

Talata, da azahar

Khairiyya ba ta fito ba. Na aje mata fura a bakin ƙofa.

Laraba, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko don in ga inda na yi laifi, in har na yi.

Shekara biyu ke nan Bashar, na hannun daman Maigida, ya zo nan gidan. Ya ce Gidauniyar Maigida za ta ɗauki nauyin karatun 'yan mata da suka gama sakandare iyayensu ba su da halin kai su gaba. In nemo masu hankali, masu tsabta, masu fara'a, kowacce da hotonta. Ya ce ba abin da ake nema wurinsu sai ranar Asabar in manya sun zo daga nesa su je gidan baƙi su taimaka da kai abinci.

Gida gida na bi. Na zauna kan tabarmar iyaye, na sha ruwansu, na ce amana ce a wuyana. Suna goma sha bakwai na rubuta da hannuna. Na goma sha bakwai Khairiyya ce, ɗiyar yayata Ladi, wadda ta bar mini ita tana shekara huɗu ranar da Allah Ya yi mata cikawa. Yanzu shekararta ashirin, tana aji biyu a makarantar koyon jinya.

A shekarar aka ba ni kujerar Makka. Aka ɗauki Malam Ɗayyabu, maigidana, direban ofis, bayan shekara shida yana zaune.

Hoto. Me ya sa ban tambayi abin da hoto zai yi a harkar karatu ba? Na ce don katin shaida ne. Ni na faɗa wa kaina haka, ba wanda ya faɗa mini.

Laraba, bayan Magariba

Ta sha furar rabi. Na tsaya bayan labule na ce, "Khairiyya, lahiya?" Ta ce, "Kaina ka ciwo." Na ce Allah Ya sawwaƙe. Ban ƙara tambaya ba.

Alhamis, da la'asar

An kama Fiddausi. An ce ɓata suna da tada zaune tsaye.

Juma'a, kafin a tafi masallaci

Bashar ya zo. Bai shigo ba, a zaure ya tsaya, ƙamshin turarensa ya cika gidan har kicin.

"Hajiya Shugaba, Maigida shina gaishe ki. Kin dai ji wagga ƙarya da 'yan adawa sunka biya yarinya ta yi. Sati biyu ya rage a yi zaɓen hid da gwani, shi ya sa."

Na ce na ji.

Ya ce ranar Litinin za a tara mata a filin makarantar firamare, 'yan jarida za su zo. Ni zan karanta takarda. Ya miƙo mini ita. A ciki an rubuta cewa mu iyaye mata mun san halin Fiddausi tun tana ƙarama, ba ta da kamun kai, kuma Maigida uban marayu ne. Ya ce yana son Khairiyya ta tsaya gefena ta faɗi alherin da aka yi mata.

Na ce ba ta da lafiya.

Ya yi murmushi ya ce, "Allah Shi ba ta lahiya kahin Litinin. Ya aikin Malam? Shina dai jin daɗinai?"

Na san halin Fiddausi tun tana ƙarama, wannan gaskiya ne. Ita ce ke kawo mini masa da safe a lulluɓe, ba ta ɗaga ido ta dubi babba.

Asabar, da hantsi

Malam ya ce in karanta. Ya ce, "Iyatu, ruwan da yaf hi ƙarhinka ba ka shiga ka ce za ka tare shi. Karanta ki dawo gida. Mu su wa?"

Na ce, to in gaskiya yarinyar ta faɗa fa?

Ya ɗauki hularsa ya fita, bai ko karya ba.

Yau Asabar. Ba motar da ta zo ɗaukar kowa. Shekara biyu farar motar nan tana tsayawa a ƙofar gidana bayan la'asar, ina leƙawa ina ɗaga wa direba hannu.

Lahadi, da azahar

An ɗauke wuta tun jiya. Zafi kamar a bakin murhu. Ban iya cin komai ba.

Litinin, da la'asar

Na karanta.

Mata sun fi ɗari biyu, duk da atamfa mai hotonsa. Na riƙe abin magana, na karanta tun daga bisimilla har sa hannu, muryata ba ta ko yi rawa ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Aka yi guɗa. Wata ta rungume ni ta ce na fitar da su kunya.

Khairiyya ba ta je ba. Da safe na shiga ɗakinta da atamfar, na tarar da ita zaune a ƙasa ta jingina da gado. Ta dubi atamfar, ta dubi fuskar da ke jikinta, ta tashi da gudu ta yi bayan gida. Ina jin ta tana amai. Na naɗe atamfar na fita ni kaɗai. Na ce wa Bashar zazzaɓi ne.

Zazzaɓi ne. Lokacinsa ne.

Talata, bayan sallar Asuba

Ba zazzaɓi ba ne. Ya Allah.

Talata, da hantsi

Sadiyatu mai masa, uwar Fiddausi, ta zo. Ba ta yi sallama ba. Tsakar gida ta tsaya da mayafi a karkace, ƙafafunta duk ƙura, daga wurin da ake tsare da ɗiyarta take, kwana biyar ba a bari ta gan ta ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

"Hajiya, na ji ki a rediyo. Ke kinka zo ɗakina kinka ce in ba ki ita, karatu za ta yi. Ubanta ya ƙi, ni nil lallashe shi, don ke. Yanzu ɗiyata ta ba ta da kamun kai? Dube ni ki hwaɗi. Ba abin magana, ba 'yan jarida, ni da ke."

Na ce ta zauna ta sha ruwa.

Ta ce, "Ruwanki na sha wancan karon."

Da za ta fita ta juya wajen ɗakin Khairiyya ta ɗaga murya kaɗan: "Ɗiyar Ladi, Allah Shi isam muku ku duka." Ta tafi.

Labulen ɗakin ya motsa. Ta ji komai.

Laraba, da azahar

Na hau kabu-kabu na tafi Hubbare. Ban san abin da na je roƙo ba. Na zauna cikin mata baƙi, wasu daga Nijar, wasu daga kudu, kowa da damuwarsa a tafin hannu. Na ɗaga nawa hannun, bakina ya ƙi. In ce Allah Ya tona asirin azzalumai? Sunana na cikin muryar nan. In ce Ya rufa asiri? Asirin wa?

Wata tsohuwa da ke gefena ta ga ina kuka ta ce, "Ɗiyata, mutuwa anka yi miki?" Na ce eh. Ta yi mini ta'aziyya, na amsa.

Alhamis, bayan la'asar

Jam'iyya ta kafa kwamitin dattawa su binciki maganar. An sanar a labaran ƙarfe huɗu. Na ji sanyi a raina, na ce to, ga manya sun shigo, za a saki yarinyar mutane, a gano gaskiya ba tare da ni na buɗe baki ba.

Khairiyya ta fito yau karon farko, tana zaune bakin rijiya tana shan kunu. Sai aka sa muryar shugaban kwamitin, wani dattijo da ya yi ritaya daga babban muƙami, wanda ake kira ya yi nasiha a wurin ɗaurin aure. Ya yi gyaran murya sau biyu, kamar yadda ya saba, ya ce za su yi adalci tsakani da Allah.

Kofin ya faɗi daga hannunta.

Ta ce, "Inna, kashe."

Na ce, ai shi ne zai...

"Inna, a gidan baƙi ɗakinai na uku hannun dama. Haka shi ka gyaran murya in ya shigo."

Na kashe rediyon. Kunun ya bi ta kan siminti har magudana, mu biyu muna kallonsa.

Alhamis, bayan sallar Isha'i

Ta faɗa mini. Ba duka ba. Ba zan rubuta ba.

Abu ɗaya zan rubuta, don kada gobe in ce ban ji ba. Ta ce Asabar ta uku da fara zuwa ta ce mini ba ta son komawa. Na tuna. Ina tsefe kaina a lokacin. Na ce mata kada ta watsa mini ƙasa a ido, mutane sun yi mana alheri, kai abinci ne zai gagare ta? Na tashi na gyara mata ɗaurin ɗankwali da hannuna, na fesa mata turarena na Makka, na raka ta har mota.

Ta ce an ɗauke su hotuna a can, an ce duk wadda ta yi magana garin nan kaf zai gani.

Na ce, me ya sa ba ki faɗa mini a fili ba?

Ta ce, "Da kin yarda?"

Juma'a

Da ban yarda ba.

Asabar, da hantsi

Na faɗa wa Malam. Ya daɗe zaune bakin gado, hannu biyu a kai. Ya yi kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Na ɗauka zai tashi ya yi wani abu. Da ya share fuska sai ya ce, "Kada kowa shi ji. In anka ji, wa za shi aure ta?"

Kwana nawa shi ma yake kai baƙin nan daga filin jirgi? Ban tambaye shi ba. Bai dube ni ba. Gidan nan kowa ya iya rashin tambaya.

Lahadi, da la'asar

Ina zan kai ƙara? Wanda zan kai wa yana cin abinci a gidan Maigida. Wanda ke sama da shi Maigida ne ya kai shi kujerar. Mai unguwa ya ga na nufo shi jiya ya shige gida. Malamin da ke mana karatu ranar Lahadi yau ya yi wa'azi kan masu yaɗa alfasha da ƙazafi, duk mata suna gyaɗa kai suna satar kallona, wai ni ce na tsaya wa gaskiya.

Goma sha bakwai. Na zauna na jera su a kaina, kowacce da ƙofar gidansu. Biyu an yi musu aure bara, na ci shinkafar bikin. Ɗaya ta bar karatu ba dalili, na ce lalaci ne. Ɗaya an kai ta asibiti wata shida da suka wuce, aka ce ta sha maganin ɓera bisa kuskure. Na je dubiya da lemo.

Talata, da azahar

An saki Fiddausi. Kafin a sake ta an ɗauke ta a bidiyo tana cewa ƙarya ta yi, shaiɗan ne, tana neman gafarar Maigida. Na kalla. Idonta na kan wani da ke tsaye bayan mai ɗaukar. Leɓenta na ƙasa a kumbure.

Laraba, da safe

Wurin da Sadiyatu ke suyar masa ba kowa, sai duwatsun murhu uku. An ce sun kwashe kaya kafin gari ya waye, sun koma ƙauyen mijinta. Ba wanda ya san ko wane ƙauye ne, ko kuma ba mai son faɗa mini.

Alhamis, da la'asar

Wata lauya ta zo, Barista Ummulkhairi, daga wata ƙungiyar mata lauyoyi. Ita ta tsaya wa Fiddausi. 'Yar siririya, da tabarau, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Na ɗauka zagina ta zo yi. Ta gaishe ni da ladabi ta zauna kan tabarma.

Ta ce Fiddausi ta janye, ba mai ganin laifinta. In ba wata ta fito ba, magana ta mutu. Ta ce akwai hukumar da ba a garin nan take ba, za a iya kai takarda can, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce ko 'yan matan sun yi magana za a ce an saye su. Abin da ba a iya ƙaryatawa shi ne wanda ya tattaro su, da saƙonnin da aka turo masa.

Saƙonnin Bashar suna cikin wayata. Ban taɓa gogewa ba. "A turo doguwar nan ranar Asabar." "Baƙon Abuja ya yaba da mai wushirya." Na karanta su a lokacin na ce yabon tarbiyya ne.

Na ce, in na bayar, ni me zai same ni?

Ta cire tabarau ta ce, "Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Ke za a fara kamawa. Su suna da lauyoyi ashirin. Ke kina da ni."

Ta bar lambarta a jikin takarda. Na sa ƙarƙashin sallaya.

Juma'a, da hantsi

Ba zan iya ba. Shekarata hamsin da biyu, ga hawan jini. Ba zan iya ba.

Asabar, bayan Magariba

Maigida ya ci zaɓen fid da gwani. Tun la'asar 'yan kabu-kabu ke zagaya gari da oda. Kwamitin dattawa ya ce bai sami komai ba. An aiko mini da buhun shinkafa da atamfa turmi biyu.

Lahadi, da azahar

Bashar ya kira. Yana dariya, ana kiɗa a bayansa. Ya ce Maigida ya ce ni uwa ce, ba zai manta ranar Litinin ɗin nan ba. Ya ce an rufe wancan gidan baƙin, an kama wani a wata unguwa, ya fi sirri. Ya ce bayan Sallah Gidauniya za ta ɗauki sababbi, in fara dubawa.

"Amma wanga karo, Hajiya, a duba masu riƙe baki."

Na ce to. Wallahi na ce to. Bakina ya riga ni, kamar yadda ya saba shekara tara.

Da na aje wayar na ga Khairiyya tsaye a ƙofar kicin. Ta dube ni kamar yadda ake duban kare da ya shigo masallaci.

Litinin, bayan la'asar

Mun je. Ita ta fara shiryawa, ta sa hijabinta ta tsaya a zaure, ba ta ce in zo ba, ba ta ce kada in zo ba. Na ɗauko takardar daga ƙarƙashin sallaya na bi ta. Malam yana alwala ya ce, "Iyatu, in kin hita, kin kashe mu." Na ce mun daɗe da mutuwa, wari ne bai fito ba.

Ofishin Barista ɗaki biyu ne a saman wani shagon magani. Khairiyya ta ce za ta yi magana, amma ba a gabana ba. Na zauna kan benci a waje awa biyu da rabi. Ba na jin komai sai ƙarar fanka. Sau ɗaya Barista ta fito ta ɗebi ruwa, idonta ja.

Da aka kira ni na aje wayar kan tebur, da tsohuwar takardar sunayen, wadda na kwafe kafin in ba Bashar. Aka kunna abin ɗaukar magana. Barista ta ce in faɗi sunana da aikina, in faɗi wanda ya rubuta wannan takarda.

Na ce ni ce. Na ce ba wanda ya riƙe mini hannu.

Ta ce, "Kin san abin da ake yi da su?"

Na ce ban sani ba, amma duk lokacin da sani ya nufo ni, na kauce masa. Ta ce in maimaita da ƙarfi, na'urar ba ta ɗauka ba. Na maimaita.

Laraba, da hantsi

Barista ta ce Khairiyya ta bar gari kafin takarda ta isa. Na raka ta babbar tasha, za ta wurin gwaggonta, ƙanwar ubanta. Ba zan rubuta garin ba. Na riƙe mata jaka, ta karɓa. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Inna, kada ki tambaye ni wanga yanzu." Ta shiga mota ta zauna ta can ciki, inda ba taga.

Na tsaya har motar ta cika. Ba ta leƙo ba.

Alhamis

An karɓe makullin mota daga hannun Malam. Ba ya yi mini magana. An cire ni daga zauren wayar matan jam'iyya. Maƙwabciyata ta aiko a karɓar mata turminta.

Asabar, da azahar

Wasu mutum biyu sun kawo takarda. Ana gayyatata ranar Litinin ƙarfe tara, in amsa tambayoyi kan safarar 'yan mata. Sunana kaɗai ne a ciki. Na duba gaba da baya, ko akwai na Bashar, ko na wani. Nawa ne kaɗai.

Barista ta ce za ta zo mu tafi tare. Ta ce uku daga cikin 'yan matan sun kira ta a ɓoye. Uku. Ta ce kada in sa rai, kada kuma in cire.

Tsoro nake ji. Ban taɓa kwana a wurin da aka kulle ni ba.

Litinin, bayan sallar Asuba

Na haɗa zane biyu, hijabi, carbi, sabulu. Littafin nan zan ba Barista ta aje.

Ina ɗaure jakar sai wayar Malam ta yi ƙara, tawa tana wurin lauya. Ya duba, ya miƙo mini. Khairiyya ce. Na ce salamu alaikum, ta amsa. Ina jin zakaran gidan gwaggonta yana cara.

Ta ce, "Yau ne ko?"

Na ce yau ne.

Ta ce, "Maganin hawan jininki shina cikin gwangwanin da ke bisa taga. Ki tahi da shi duka, can ba su ba da wa. Kuma ki ci wani abu kahin ki hita."

Na ce to. Ta kashe.

Na manta da maganin, wallahi. Na ɗauko. Ga ɗumamen tuwo na ɗora, zan ci ko ba ya wucewa.